Kamfanin da ya rufe mana karta ya auna rijiyoyinmu: abin da na gani a aikinsu

Tun da aka rufe tulin karta, wato garin dutsen da masu wanke zinare suka zubar a bayan garinmu a nan gabashin Sudan, wayata ba ta huta ba. 'Yan uwa daga ƙauyukan da ke bin kogin Rahad, har da na wajen Hawata, tambaya ɗaya suke yi mini: mutanen nan da kuka ɗauko daga Gadarif sun san aikin kuwa, ko kuɗinku kawai suka ci? Ni ne ma'ajin lajna, wato kwamitin ruwa na gari, ta hannuna kowane fam ya fita, kuma lambuna yana cikin waɗanda suka fi kusa da wurin. To ga amsata. Sun san aikin, kuma in gobe aka ce a sake, su zan kira. Amma akwai abubuwan da sai an ɗaure su da su a rubuce tun kafin loda ta taka ƙasa, in ba haka ba za su yi ɓangaren da suka fi ƙwarewa a kai, su bar muku sauran. Sunan kamfanin ba zan sa shi a nan ba tunda zan faɗi inda suka gaza. Mai buƙata ya nemi lajna.

Mutanenmu na Najeriya da Nijar, bari in gaya muku abin da muke fama da shi. Bayan Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur, zinare ne ya zama madogarar ƙasa, kuma mafi yawansa ba manyan kamfanoni ke haƙo shi ba, talakawa ne da diga da na'urar neman ƙarfe. Daga Abu Hamad da Abidiyya a arewa, zuwa Jabal Amir a Darfur, zuwa Buɗana da duwatsun da ke kusa da mu, samari suka bazu. Ana fasa dutse a ɗura a buhu, a kai wa masu injin niƙa, a niƙa shi da ruwa, a zuba zaiba. Zaiba ta kama zinaren, a matse ta a ƙyalle, a ƙona dunƙulen, ita ta tashi hayaƙi, zinare ya rage. Garin dutsen da aka wanke aka zubar, shi ne karta. Zaiba ba ta kama ko rabin zinaren da ke cikin dutse, shi ya sa kartar ma ta zama haja. Wasu ke sayenta, su jiƙa ta a tafkunan da aka shimfiɗa wa leda, su zuba mata sayanid, wata guba mai narkar da zinare, su tsotse abin da ya rage.

Mugun haɗin a nan yake. Kartar da ta riga ta sha zaiba, in aka zuba mata sayanid, zaibar narkewa take yi ta bi ruwa, alhali da a kwance take. Yarjejeniyar Minamata kan zaiba, wadda aka sa wa hannu a Japan a 2013 ta fara aiki a 2017, ta lissafa wannan cikin ayyukan da ake so a kawar gaba ɗaya, tare da ƙona zaiba a fili da ƙona ta a cikin unguwa. A garinmu duka ukun an yi su. A watan Oktoba na 2019, bayan mutanen Talodi a Kudancin Kurdufan sun tashi tsaye, majalisar ministoci ta ba da umarnin a daina amfani da zaiba da sayanid a haƙar ma'adinai, sai dai umarnin bai kwashe abin da aka riga aka tara ba. Masu injinan bayan garinmu, da dutse ya daina ba da abin kirki, suka kwance ƙarafansu suka yi gaba. Suka bar mana tuli mai tsayin bene, da tafkuna uku da ledarsu ta yayyage, da gangunan da babu rubutu a jikinsu, duk a bakin ƙoramar da ke ratsa lambunanmu da damina. Da rani iska ta kwaso jar ƙura ta zuba mana a randuna. Da damina ruwa ya kwanta a tafkunan, awaki suka sha suka faɗi a wurin, kurciyoyi kuma yara suka riƙa tsinto su a mace suna kawowa gida. Ranar da wata uwa ta ƙwace irin wannan kurciya a hannun ɗanta yana shirin gasawa, a ranar lajna ta zauna.

Kuɗin aikin rabi daga aljihun gari ya fito, rabi daga 'ya'yanmu da ke Jidda da Makka. Kamfanin ƙarami ne: injiniyan ƙasa ɗaya wanda shi ne shugaba, muna ce masa Bashmuhandis, da wata matashiya mai ilimin sinadarai, da yaro mai riƙe kayan awo. Loda da tifa haya suke ɗauka. Da jama'a suka ga sun iso a ƙaramar mota babu ko shebur, wasu suka fara gunaguni, don kowa katafila yake jiran gani. Bashmuhandis ya ce ba zai taɓa tulin ba sai ya san inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ya dosa. Wannan tsayuwar da ya yi ita ce abu na farko da zan yaba musu, kuma ita ce ta fi komai amfani.

Na bi su rijiya rijiya, don haka na ga yadda ake yi. Suna da wani tef mai ƙarfe a bakinsa, a zura shi a rijiya, da ya taɓa ruwa sai ya yi ƙara, a karanta zurfin. Sa'an nan a kafa na'ura mai ƙafa uku a auna tudun bakin kowace rijiya, don a san wace ta fi wata bisa. In aka cire zurfin daga tudun, sai a ga inda fuskar ruwan take a kowane wuri, ruwa kuwa daga bisa yake gangarawa ƙasa ko a cikin rairayi ne. Ya ce da rijiya ɗaya ko biyu ba a sanin alƙibla, sai uku zuwa sama. Sun auna tun da asuba kafin masu lambu su tayar da injinansu, saboda in an ja ruwa fuskar tana sauka ta ɓata lissafi. Abin da ya fito shi ne, ruwan da ke kwance a rairayin ƙorama daga gindin tulin yake tasowa ya bi ta ƙarƙashin lambunanmu. Rijiyar burtsatsen gari, wadda muke ce wa donki, tana can ɗaya gefen, sama da tulin, kuma daga tsagar dutse take sha. Da ya zana mana wannan a ƙasa da tsinke, dattawa suka yi hamdala a bayyane.

A wannan zaman ne ya yi ta ƙoƙarin bayyana yadda ruwan sama ke shiga tulin ta sama ya fita ta gindi ɗauke da guba. Larabci yake yi, ina mayarwa da Hausa, amma na ga maganar ba ta zauna ba. Sai wata tsohuwa daga bayan mata ta ce, "Ɗan nan, gaya masa ai tokar miya yake faɗa. A zuba toka a tukunya mai huji, a zuba ruwa a kai, abin da ke ɗiga a ƙasa ai ya tashi daga ruwa." Na gaya masa. Ya dafa ƙirji ya ce, "Haka yake, ya Hajja, shi ke nan maganar." Daga nan babu wanda ya sake tambayar dalilin da za a kashe kuɗi a kan rufe tuli maimakon a haƙa sabuwar rijiya. In ruwa bai shiga ta sama ba, ba abin da zai ɗiga ta ƙasa.

Ɗibar ruwan gwaji aikin matashiyar ne, kuma ban taɓa ganin mai tsantseni irinta ba. 'Yar Mairuno ce, garin da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, don haka Hausarta tsaf, kuma mata suka sake da ita nan da nan. Ba ta ɗibar ruwan da ya kwana a rijiya, sai an ja an zubar har sabo ya taso. Kowace rijiya kwalabe daban-daban. Ta zaiba da sauran ƙarafa tana ɗiga mata asid, ta sayanid kuma tana sa mata soda mai ƙarfi don kada gubar ta tsere ta bi iska, duka a jera a akwatin ƙanƙara, kowace da lamba da sa'ar da aka ɗiba. Ta ce mini, "Baba, kwalbar sayanid mako biyu ne wa'adinta, ta zaiba kwana 28. In ya wuce, duk abin da aka rubuto maka takarda ce kawai." Na riƙe wannan maganar, kuma ta yi mana rana daga baya.

Domin kuwa a nan suka fara tuntuɓe. A lokacin, saboda yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, ɗakunan gwaji na Khartum sun fita daga lissafi, sai Bur Sudan, tafiya mai nisa ta Kasala da shingaye a hanya. Kwalaben farko sun isa ƙanƙara ta narke, suka kuma yi kwanaki a ajiye. Sakamako ya zo yana cewa babu sayanid ko kaɗan, kuma Bashmuhandis ya miƙo mana shi haka nan. Sai da na duba ranar ɗiba da ranar gwaji, na ga wa'adin ya wuce, na tuna masa maganar abokiyar aikinsa. Bai yi gardama ba, ya sake ɗiba da kuɗinsu, wannan karon yaronsu ya raka akwatin da kansa. Na yaba da yadda ya karɓi gyara, amma ba ma'ajin lajna ya kamata ya gano wannan ba. Garin da babu mai duba kwanan wata, da tsohuwar takardar za su zauna, suna shayar da yara da kwanciyar hankali.

Sakamako na biyu ya zo da iyakokin Hukumar Lafiya ta Duniya a gefe don a gwada: zaiba miligiram 0.006 a lita, asanik 0.01, dalma 0.01, naitiret 50. Donki ya fita lafiya a duka. Rijiyoyin lambu biyu mafi kusa da tulin sun haura iyaka a zaiba, ɗaya daga ciki tawa ce. Abin da ba mu zata ba shi ne rijiyoyin cikin gari, waɗanda ba su da haɗi da tulin sam, an sami naitiret da ƙwayoyin cuta a wasunsu saboda kusancinsu da masai da turken dabbobi. Da masu son tsorata mutane ne don aiki ya ƙaru, da sun jingina komai ga karta. Ba su yi haka ba. Matashiyar ta tara mata ta gaya musu cewa gudawar yara daga nan take, kuma maganinta kulorin ne da gyaran bakin rijiya. Ta kuma ja musu kunne cewa tafasa ruwa ƙwayar cuta yake kashewa, ba ya fitar da ƙarfe ko naitiret, asali ma in ruwan ya ƙone ya ragu, abin da ke ciki ƙara kauri yake yi.

Na tambayi Bashmuhandis ko za a iya wanke ruwan da ya riga ya gurɓata a ƙarƙashin lambuna. Ya dube ni ya ce, "Ya Hajj, ana yi a ƙasashen da ke da kuɗi, a yi shekaru ana zuƙowa ana tacewa. Ku ba ku da wannan kuɗin, ni ma ba ni da kayan. In na ce maka zan yi, na cuce ka." Abin da ya ba da shawara shi ne a toshe tushen, a rufe rijiyoyin nan biyu, a hana haƙa sabuwa a tsakanin tulin da lanƙwasar ƙorama, a kuma rage awannin jan ruwa a rijiyoyin da ke biye. Dalilinsa shi ne, duk injin da ke ja da ƙarfi yana saukar da fuskar ruwa a kewayensa, ruwan gefe ya gangaro ya cike gurbin, har da gurɓataccen. Yanzu da faranti mai aiki da rana ya yawaita, mutum sai ya bar famfo yana zuba tun hantsi har la'asar tunda ba ya sayen gas, bai san yana janyo gubar zuwa rijiyarsa da hannunsa ba. Rijiyata an zuba mata laka an yi mata murfin siminti. Albasar da nake yi a wannan gefen na daina, kuma ba ƙaramin rashi ba ne ga gidana. Amma na fi son wanda ya gaya mini gaskiya mai ɗaci a kan wanda zai sayar mini da matata ya ce ta isa.

Aikin tulin kansa da rani aka yi shi. Sun fara da tafkunan. Ɗan ruwan da ya rage da taɓon gindi suka zuba wa farar ƙasa da garin kulorin, suka bar shi ya kwana, suna gwadawa da takardar da ke sauya launi. An yi wa leburori kashedi mai ƙarfi cewa kada wani abu mai tsami ya kusanci wurin, domin sayanid in ya haɗu da asid iska yake zama, kuma shaƙarta kisa ce nan take. Gangunan ba su buɗe su a gari ba, sun ɗaure su sun kai wa hukuma, suka kawo mana takardar karɓa. Sa'an nan loda ta tattaro kartar da ta warwatsu, ta janye gindin tulin daga bakin ƙorama, ta kwantar da gefunansa yadda kowane taku ɗaya na tsayi yake da taku uku na shimfiɗa, aka yi wa samansa doro don kada ruwa ya kwanta. Ta gefen tudu aka haƙa lambatu mai faɗi da zai karkatar da ruwan da ke gangarowa daga duwatsu, ta gefen ƙorama kuma aka jera manyan duwatsu don kada ambaliya ta ci gindin.

A kan murfin ne aka yi muhawarar da ba zan manta ba. Tsarinsu shi ne a shimfiɗa baƙar lakar nan tamu mai kaurin rabin mita, a jiƙa, a danne, shi ke nan, tunda ruwa ba ya ratsa ta. Kawuna, wanda ya tsufa yana noman dawa da riɗi a wannan ƙasa, yana zaune a gefe a kan buzunsa yana saurare. Ya miƙe da sandarsa ya ce, "Bashmuhandis, taho." Ya kai shi bayan gonar da ke kusa, inda ƙasa ta dare saboda zafin watan Maris, ya zura sandar a tsagar har ta kusa nutsewa, ya ce, "Sa hannunka." Injiniya ya durƙusa ya zura hannu har gwiwa bai taɓa ƙarshe ba. Kawu ya ce, "Wannan lakar da damina ba ta barin ruwa ya wuce, gaskiya ne. Amma ruwan farko a buɗe yake samunta, kafin ta kumbura ta rufe ya riga ya shige." Bashmuhandis ya yi shiru yana kaɗe hannu, sa'an nan ya ce, "Ya Ammi, ka yi gaskiya." Washegari ya sauya tsari. Lakar aka shimfiɗa ta falle-falle ana jiƙawa ana dannewa, aka bi ta da rairayi mai tsakuwa mai kauri don rana kada ta kai gare ta ta busar da ita, sa'an nan ƙasar noma a sama aka watsa irin ciyawa. Wannan ya ƙara tifa da yawa a lissafi, kuma muka raba ƙarin da su. Mai digiri da zai durƙusa ya sa hannu a rami saboda maganar tsohon manomi, ya kuma sauya zanensa, ba kullum ake samunsa ba.

Mun so mu dasa darbejiya da aduwa a kai don wurin ya yi kyan gani, ya hana. Saiwar itace huda murfin take yi ta buɗe wa ruwa hanya. Ya ce itatuwa a kewaye, nesa da gindi, ciyawa kawai a sama. Ya fi jan kunnenmu a kan miskit, ƙayar nan da aka shigo da ita Sudan a 1917 har gwamnati ta ba da umarnin a tumɓuke ta a 1995 saboda yadda ta cinye gonaki. Saiwarta na nutsawa mita da yawa, awaki kuma su ci 'ya'yanta su shuka ta da kashinsu duk inda suka bi. Daga ƙarshe suka haƙa ƙananan rijiyoyin awo guda uku, ɗaya sama da tulin, biyu a ƙasa ta hanyar da ruwan ke bi, kowace da bututu da murfin ƙarfe da kwaɗo. Ta saman ita ce ma'auni. In abu ya fito a na ƙasa bai fito a ta sama ba, an san daga tulin yake.

Yanzu ga inda raina bai yi daɗi ba, kuma babba ne. Matashiyar nan da take shiga gidaje ta ga abin da mu maza muka saba gani har muka daina lura. Karta laushi gare ta, kyauta ce kuma, don haka shekara da shekaru mutane na ɗibarta a amalanke suna yaɓen ɗaki, suna daɓen tsakar gida, har da bulo. Akwai rumfuna a kasuwa da aka yi ta ƙona zaiba a cikinsu, yau ana sayar da shayi da taliya. Ta gaya wa shugabanta a gabana, ya ce wannan ba ya cikin kwangila, kwangila tuli ce da rijiyoyi. A takarda ya yi daidai, tunda su suka rubuta ta haka. Amma duk wanda ya san abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga niƙan dutsen zinare ta kashe yara sama da 400, ya san a cikin gidaje yaran suka kwashi gubar, a ƙasar da suke rarrafe suna sa hannu a baki. Can da aka zo gyara, tsakar gidaje aka kankare aka zuba sabuwar ƙasa, a Dareta da 'Yargalma, daga baya Bagega a 2013. Gubarmu ba irin tasu ba ce sak, amma yaro mai rarrafe ɗaya ne a ko'ina. Kamfanin da ya san wannan ya kamata tun ranar farko ya ce mana ga wani ɓangare, ga kuɗinsa, ku zaɓa. Sun rufe tuli a bayan gari, an bar ƙananan tuli a ƙarƙashin tabarmi.

Ƙura ma ba su kula da ita yadda ya kamata ba. A kwanakin farko loda na aiki iska na kaɗowa gari, tankar yayyafa ruwa ba ta zo ba sai da liman ya yi magana. Su ukun suna da abin rufe hanci mai matata, samarinmu da suka ɗauka lebura kuwa ƙyallen asibiti aka raba musu, wanda kafin azahar ya jiƙe da gumi an cusa shi a aljihu. Rahoton ƙarshe da Turanci ya zo, shafi biyu kawai na Larabci a gaba, alhali lajna ce za ta yi aiki da shi. Shingen kuma waya ce mai laushi da sandunan da rago ɗaya zai ture.

Kuɗinsu ba zan ce ya yi yawa ba. Kaso mafi girma gas da hayar tifa suka cinye, ladansu su kansu bai kai yadda na zata ba, kuma kowane rasit na gani. Saboda yadda fam ke faɗuwa, farashin da suka bayar na ɗan lokaci ne, muka riƙa biya kashi-kashi ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, kowane kashi bayan lajna ta je ta ga an gama matakin. Wannan tsarin ya yi mana kyau, ina ba kowa shawarar ya bi shi.

Damina ta zo ta gwada aikin. Lambatun ya riƙe, ƙorama ta cika ta bugi duwatsun ba ta ci gindi ba, ciyawa ta fito har tulin ya yi kore. A gefen yamma ruwa ya yanka zaizaya mai zurfin kamu biyu, har tsakuwa ta bayyana. Na aika musu hoto, suka zo suka cike suka jera duwatsu, ba su karɓi ko fam ba. Jar ƙurar nan ta daina sauka a randuna, wannan kowace mace a garin za ta shaida. Amma rijiyoyin awon da aka kashe kuɗi aka haƙa, tun ɗibar da aka yi ranar miƙa aiki ba a sake zura musu kwalba ba, don kwangilar ba ta ce a dawo ba. Shi kansa Bashmuhandis ya faɗa da bakinsa cewa ruwan ƙasa a hankali yake tafiya, sai an auna a ƙarshen damina da ƙarshen rani shekara bayan shekara kafin a san ko gubar na raguwa ko tana matsowa. Mai wannan sanin bai kamata ya miƙa makulli ya tafi ba tare da ya sa ranar dawowa ba.

Don haka ku da kuke kirana, in za ku ɗauke su, ku sa a rubuce cewa awo sau biyu a shekara yana cikin aikin, da farashinsa, na aƙalla 'yan shekaru. Ku sa gwajin ƙasar gidaje da rumfunan da aka ƙona zaiba tun a zagayen farko. Ku ce tankar ruwa ta riga loda isowa, leburori su sami irin abin rufe hancin da injiniya ke sawa, rahoto ya zo da Larabci gaba ɗaya, kuma kowace takardar gwaji ta nuna ranar ɗiba da ranar aunawa. Ku nemi a koya wa samari biyu yadda ake zura tef a rubuta zurfi, wannan ba ya buƙatar digiri. Ku kuma shirya wa abin da su ba za su iya yi muku ba. Har yanzu akwai zinare a cikin kartar, kuma tuni wani ɗan kasuwa ya zo wurin mai gari yana tayin sayen tulin gaba ɗaya, ya yaye murfin ya kwashe. Lajna ta ƙi, amma kuɗin da ya ambata ya sa wasu sun fara sake tunani, kuma ya ce zai dawo bayan girbin riɗi. Mu dai a yanzu mun sa yaran makarantar allo suna zagaya tulin duk Alhamis suna tuge miskit tun yana ƙarami, muna kuma ciniki da kamfanin a kan kuɗin awon ƙarshen rani da na tsakar gidaje ashirin da suka fi yawan yara.